Zan je Madagaska sayen duwatsu, an ce ana ɗa'un a can: in fasa tafiyar?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, harkar duwatsu masu daraja nake yi. A watan Nuwamba nake shirin zuwa Madagaska, in sauka Antananarivo, in bi mota zuwa Antsirabe da Ilakaka, in yi kamar mako uku. Wani abokin harkata ya turo mini labari cewa ana samun masu cutar ɗa'un a ƙasar, har ya tuna mini hadisin da ya hana shiga garin da ake annoba. Hankalin iyalina ya tashi. Shin in fasa? Akwai allurar rigakafi? Kuma ta yaya hukumomi ke gane ta ɓarke, za a iya yarda da alƙaluman da suke bayarwa?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Bibiyar cututtuka masu yaɗuwa shi ne aikina, saboda haka zan ba ka amsa kamar yadda zan ba ɗan'uwana na jini. Labarin cewa an samu masu ɗa'un a Madagaska, shi kaɗai bai isa ya sa ka fasa tafiya ba, domin babu shekarar da ba a samu. Cutar zaunanniya ce a tsaunukan tsakiyar tsibirin, tana da lokacinta kamar yadda sanƙarau ke da nasa a wurinmu, daga wajen Satumba zuwa Afrilu. Abin da zai sa in ce maka ka dakata shi ne a tabbatar da nau'in da ke kama huhu yana yawo daga mutum zuwa mutum a cikin garuruwan da za ka kwana. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin maganar, kuma sai ka san cutar kafin ka gane shi.

Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, sunanta Yersinia pestis, an sa mata sunan likitan da ya gano ta a Hong Kong a 1894, Alexandre Yersin. Asalinta cutar ɓeraye ce da danginsu, mutum tsintar ta yake yi. Mai ɗauko ta daga ɓera zuwa mutum kuwa ƙuma ce. Kada ka haɗa ta da zazzaɓin Lassa, wanda mutanenmu ke kira ciwon ɓera. Lassa daga fitsari da kashin ɓera take shiga abinci, ita kuwa ɗa'un cizon ƙuma ne babbar ƙofarta. Idan ƙuma ta sha jinin ɓera mai cutar, ƙwayoyin sukan hayayyafa su dunƙule su toshe mata hanyar abinci. Yunwa ta dame ta, ta yi ta cizo ba ƙaƙƙautawa, duk cizon da ta yi jinin ya kasa wucewa, ya dawo cikin raunin tare da ƙwayoyin. Da ɓeran ya mutu jikinsa ya huce, sai ƙumar ta bar shi ta nemi wani jiki mai ɗumi, wanda a ɗakin ƙauye shi ne mutumin da ke kwance a tabarma.

Wanda ƙuma ta ciza, bayan kwana 1 zuwa 7 zazzaɓi mai zafi zai rufe shi farat ɗaya, da rawar sanyi da ciwon kai da kasala, sannan kaluluwa ta fito masa a matsematsi ko hammata ko wuya, mai tsananin zafi, ba ya son ko riga ta taɓa ta. Wannan shi ne nau'in kaluluwa, shi ya fi yawa, kuma da wuya ya tsallaka daga mutum zuwa mutum. Idan ba a yi magani ba yana kashe kashi 30 zuwa 60 cikin ɗari. A wasu mutanen ƙwayar takan zarce cikin jini, fata ta yi baƙi a yatsu da hanci. A wasu kuma ta sauka cikin huhu, to a nan labari ke canzawa, domin daga wannan lokacin ba a buƙatar ɓera ko ƙuma. Tari kawai ya isa. Wanda ya shaƙi feshin tarin a kusa, cikin tazarar da ba ta wuce mita 2 ba, zai iya fara ciwo cikin awa 24, da zazzaɓi da sarƙewar numfashi da kaki mai jini. Nau'in huhu, in ba a yi magani ba, kusan babu mai tsira. In kuwa aka fara magani cikin awa 24 da fara alamu, mafi yawa suna warkewa. Cuta ce da ake lissafinta da awoyi.

Abin da ya faru a 2017 zai nuna maka wannan fiye da duk wani bayani, kuma ya shafe ka kai tsaye tunda motar haya za ka hau. Wani mutum ɗan shekara 31 ya je gundumar Ankazobe a cikin tsaunuka. Ranar 23 ga Agusta ya fara wani zazzaɓi da aka ɗauka na cizon sauro ne. Ranar 27 ya shiga motar haya, irin wadda suke kira taksi-burus, zai koma Toamasina a bakin teku ta hanyar Antananarivo. Numfashinsa ya sarƙe a cikin motar, ya rasu a hanya. Aka shirya gawarsa aka binne shi kamar kowane mamaci, ba tare da wani ya yi zaton ɗa'un ba. Daga cikin waɗanda suka haɗu da shi, da waɗanda suka haɗu da su, mutum 31 suka kwanta, huɗu suka rasu. Ba a farga ba sai ranar 11 ga Satumba, da wata mata 'yar shekara 47 ta rasu a wani asibiti a babban birnin, aka bi sawu aka gano daga inda zaren ya faro. Ranar 13 ga Satumba aka sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya. Wato mako biyu cur cutar tana yawo a manyan birane biyu ba wanda ya san sunanta. Kafin ƙarshen Nuwamba an ba da rahoton mutum sama da 2,400, 209 sun rasu, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu nau'in huhu ne, a ƙasar da ta saba ganin kimanin 400 a shekara, akasarinsu na kaluluwa a ƙauyuka.

Duk lokacin da nake koyar da sababbin jami'an sa ido, wannan mako biyun nake sa su duba. Ba rashin magani ne ya jawo abin ba, ba kuma rashin masana ba, domin Cibiyar Pasteur ta Madagaska tana cikin wuraren da suka fi kowa sanin wannan cuta a duniya. Abin da ya faru shi ne cutar ta zo da wuri kafin lokacinta, ta zo a sifar da ba a saba ba, ta sauka a biranen da ma'aikatan lafiyarsu da yawa ba su taɓa ganinta da idonsu ba. Wanda bai sa ran abu ba, ba zai gan shi ba ko yana gabansa.

To ta yaya ake sa idon? Matakin farko ba a asibiti yake ba, a ƙauye yake. Ɓeraye sukan fara mutuwa kwanaki kafin mutane su fara kwanciya, saboda haka ake koya wa ma'aikatan lafiya na sa-kai da masu unguwanni cewa in an wayi gari ana tsintar matattun ɓeraye a rumbu da bayan ɗaki, ba wanda ya sa guba, a kai rahoto nan take. Masu bincike kuma sukan ɗana tarko su kama ɓeraye, su taje su, su ƙirga ƙumar da ke jikin kowanne. Idan matsakaicin adadin irin ƙumar da ke yaɗa cutar ya haura ɗaya a kan kowane ɓera, ana ɗaukar wurin yana cikin haɗari. A Madagaska baƙin ɓeran gida shi ne babban ma'ajin cutar, kuma ta fi zama a wuraren da tsayinsu ya haura mita 800. Akwai wata ƙa'ida da nake so kowa ya riƙe, domin ta saɓa wa abin da hankali ke fara rayawa: in ana ɗa'un ba a fara kashe ɓeraye. Ƙuma ake fara fesa wa magani, sannan a koma kan ɓera. Wanda ya zuba guba ya kashe ɓerayen unguwa kafin feshi, ya saki dubban ƙuma masu yunwa a kan jama'a.

Mataki na biyu shi ne ƙaramin asibitin karkara. Cibiyar Pasteur ta can ta ƙirƙiro wani ɗan tsinken gwaji, kamar wanda ake gwada zazzaɓin cizon sauro da shi a wurinmu. Ana zuƙo ruwa daga kaluluwar da sirinji, ko a karɓi kaki, cikin minti 15 ya nuna. Amma ba a jiran sakamako kafin a fara magani, kuma ba a tsayawa a kansa. Ana tura samfurin zuwa babban ɗakin gwaji a Antananarivo domin a nemi ƙwayar halittar cutar, a kuma rene ta a ga ko magani na cin ta. Wannan renon yana da muhimmanci, domin a 1995 an taɓa samun wani nau'i a ƙasar da ya bijire wa magunguna da yawa a lokaci guda. Bai bazu ba, amma tun daga nan ba a yin sake. A annobar 2017 duk ƙwayoyin da aka rena magani ya ci su.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi cin rai, bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da mai nau'in huhu. Wa ya kwana ɗaki ɗaya da shi, wa ya zauna kusa da shi a mota, wa ya yi jinyarsa, wa ya wanke gawar. Kowanne a ba shi maganin kariya na kwana 7, a riƙa zuwa ana auna zafin jikinsa kullum. A 2017 an bi mutum sama da 7,000 ta wannan hanya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta kai magani kusan miliyan 1.2, aka rufe makarantu, aka hana taruka a babban birnin. Ma'aikatan lafiya kimanin 80 suka kamu. Ranar 27 ga Nuwamba gwamnati ta ce an shawo kan ta a birane. Na yi irin wannan bin sawu a kan wasu cututtuka a nan gida, kuma na san abin da ke karya shi: tsoro da kunya. Da zarar mutane sun ga cewa faɗin gaskiya na nufin a ƙwace musu gawar ɗan'uwansu a binne ba tare da su ba, sai su fara ɓoye marasa lafiya. Mutanen tsaunukan Madagaska suna ba kabarin dangi matuƙar daraja, kuma batun jana'iza ya kawo tirjiya sosai a lokacin.

Yanzu batun alƙaluma, tambayarka mai kyau ce. Ana raba masu cutar gida uku: wanda ake zargi saboda alamunsa da inda ya fito, wanda gwajin farko ya nuna mai yiwuwa ne, da wanda aka tabbatar. Adadin da kake ji a labarai yawanci duka ukun ne a haɗe. Bayan annobar ta lafa, masu binciken Cibiyar Pasteur da abokan aikinsu sun sake tantance bayanan suka wallafa a 2019. Cikin mutum 1,878 da aka rubuta a matsayin masu nau'in huhu, 32 kacal aka tabbatar, 386 suka zama masu yiwuwa. Wannan bai nufin an yi ƙarya ba. In gari ya rikice, duk mai tari da zazzaɓi ana rubuta shi a ba shi magani, kuma haka ya dace, domin gara a ba mutum goma maganin da ba sa buƙata da a bar ɗaya ya mutu cikin kwana biyu. Sannan da yawa sun riga sun sha magani kafin a ɗauki samfurinsu, ƙwayar ba za ta tsiro ba, kaki kuma samfuri ne mai wuyar sha'ani, tsinken gwajin ya fi aminci a kan ruwan kaluluwa. Saboda haka alƙaluman farkon annoba sukan gaza gaskiya saboda ba a fara nema ba, na tsakiyarta kuma sukan zarce ta saboda kowa na nema. Idan za ka karanta rahoto, kada babban adadin ya ɗauke maka hankali. Nemi nau'in, na kaluluwa ne ko na huhu. Nemi wurin, ƙauye ne a gunduma ɗaya ko babban gari. Sannan ka duba ko sababbin masu kamuwa suna cikin waɗanda ake bibiya tun farko ne, ko kuwa suna ɓullowa ne ba a san inda suka samo ta ba. Wannan na ƙarshen shi ne yake hana mu barci.

Game da iyakoki da jiragen sama, a duk tsawon annobar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar hana zuwa Madagaska ko hana ciniki da ita ba. Abin da aka yi shi ne tantance masu fita a filin jirgin Ivato na Antananarivo, ana auna zafin jiki ana cike takarda, aka kuma shirya maƙwabta tara da suka haɗa da Kenya da Habasha da Tanzaniya da Afirka ta Kudu da Mozambik. Baƙo ya mutu a annobar, ba zan ɓoye maka ba: wani kocin ƙwallon kwando ɗan Seychelles da ya je gasa a Antananarivo ya rasu a ƙarshen Satumba. Wani ɗan Seychelles kuma ya koma gida a farkon Oktoba, zazzaɓi ya kama shi, gwajin gaggawa ya ɗan nuna alama, aka killace mutane, kamfanin jirgin ƙasar ya dakatar da zirga-zirga, amma da aka kai samfurin Cibiyar Pasteur ta Paris sai aka ga ba ita ba ce. Har aka gama ba a tabbatar da mutum ko ɗaya da ya fita da cutar zuwa wata ƙasa ba. Dalilin yana cikin halin cutar kanta. Tana kayar da mutum da sauri, wanda ya kai matakin tarin da ke yaɗa ta yawanci ba ya iya tsayuwa a layin filin jirgi.

Akwai kuma dalilin da ya sa masana ba sa gaggawar cewa a rufe iyaka. A 1994 an yi ɗa'un a birnin Surat na Indiya. Waɗanda suka mutu ba su kai ɗari ba, amma dubban ɗaruruwan mutane suka tsere daga garin cikin 'yan kwanaki, ƙasashe suka soke jirage suka ƙi karɓar kayan Indiya, aka yi asara mai yawa. Darasin da sauran gwamnatoci suka ɗauka shi ne mai faɗin gaskiya shi ake hukuntawa. Wannan na cikin abin da ya sa aka sake fasalin Dokokin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa a 2005, suka fara aiki a 2007. A ƙarƙashinsu dole ƙasa ta auna duk ɓullar ɗa'un na huhu, in ya cika sharuɗɗa ta sanar cikin awa 24, su kuma sauran ƙasashe in za su ɗauki matakin da zai takura tafiya sai sun kawo hujjar kimiyya. Ni ina goyon bayan wannan tsari da zuciya ɗaya, domin sa ido ba ya yiwuwa sai da mutanen da ba sa tsoron kai rahoto.

Mu dawo kan hanyarka. Titin da za ka bi daga Antananarivo zuwa Ilakaka ya haura kilomita 700, kuma yana ratsa Antsirabe da Ambositra da Fianarantsoa, wato tsakiyar tsaunukan da cutar ke zaune, a watan da take tashe. Duk da haka ɗan kasuwar da ke kwana a otal mai tsabta, a kan gado, haɗarinsa kaɗan ne ƙwarai. Wanda ke kamuwa shi ne manomin da ke kwana a ƙasa a ɗakin da aka ajiye shinkafa, ɓeraye na bin kansa da dare. Inda nake jin tsoro a sana'arku shi ne lokacin da aka ce wani dutse ya fito a wani rami can cikin daji, ka bi dillali, dare ya yi muku, a shimfiɗa maka tabarma a bukkar masu haƙa. Sansanin haƙar ma'adinai wuri ne da cunkoso da shara da ɓeraye ke haɗuwa, kuma a 2005 an yi mummunar ɓarkewar nau'in huhu a wata mahaƙar lu'ulu'u a Zobia, a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. In da hali ka koma gari ka kwana. In babu, kada ka kwanta a ƙasa, ka sa safa da dogon wando, ka shafa maganin korar ƙwari mai sinadarin DEET a ƙafafu da idon sawu, domin ƙuma daga ƙasa take tsalle. Mataccen ɓera ko wata dabba, ko da sandarka kada ka juya ta. Kyanwa mai rashin lafiya ma a guje ta, tana iya kamuwa ta yi wa mutum tari.

A cikin mota ka riƙe takunkumi a aljihu. In wani na kusa da kai yana tari mai nauyi da zazzaɓi, ka sa naka, ka ba shi ɗaya in zai karɓa, a buɗe taga, ka canza wuri in zai yiwu. In kana da hali, ku haɗa kuɗi da abokan tafiya ku ɗauki shatar mota, ya fi. Akwai kuma abin da na san zai yi maka nauyi a matsayinka na Musulmi a baƙuwar ƙasa: in wani ɗan'uwa ya rasu farat ɗaya bayan zazzaɓi da tari, za a nemi masu wanka, kuma zuciyarka ba za ta so ka noƙe ba. Gawar mai ɗa'un tana ɗauke da cutar, musamman lokacin da ake juya ta ana danna ƙirji da ciki. A irin wannan hali a kira jami'an lafiya tukuna, a yi da safar hannu da takunkumi da rigar kariya, ka yi masa salla daga inda aka ce a tsaya.

Allurar rigakafi kuwa, babu wadda za a yi maka. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar ta ga matafiya ba, sai ga irin ma'aikatan ɗakin gwaji da ke taɓa ƙwayar kullum. Katin da za a tambaye ka a filin jirgi na rigakafin cutar shawara ne, mai ruwan ɗorawa, ka tabbatar yana hannunka. Ba na kuma ba ka shawarar ka yi ta shan maganin kashe ƙwayoyin cuta mako uku don tsoro. Maganin kariya na wanda ya yi hulɗa ta kusa da mai nau'in huhu ne, ko ƙuma ta cije shi a inda ake cutar, kuma likita ne zai rubuta. Magungunan da ke aiki sanannu ne masu araha: siprofuloksasin da lebofuloksasin da doksisaikilin na haɗiya, jentamaisin da sitireftomaisin na allura. Ga abin da nake roƙon ka riƙe da kyau: Ampiclox da amoksisilin da duk dangin fenisilin, waɗanda mutanenmu ke fara saya a kyamis in jiki ya yi zafi, ba su ne maganin wannan cuta ba. Haka allurar seftiriyazon da ake yawan yi wa mai ciwon huhu a asibitocinmu. Mutum zai iya shan su kwana biyu yana ganin yana magani alhali lokacinsa ne ke ƙarewa. Kafin ka tashi ka ga likitanka, ku tattauna ko zai ba ka guzurin magani na gaggawa saboda inda asibiti ke da nisa, da sharaɗin shan sa na nufin kana kan hanyar asibiti ne, ba madadin zuwa ba. Ka kuma yi maganar zazzaɓin cizon sauro, domin shi da haɗarin mota sun fi ɗa'un kusa da kai nesa ba kusa ba.

Hadisin da abokinka ya kawo ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim, kuma da shi Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham lokacin annobar Amwas. Mu masu wannan aiki muna ganin hikimarsa a aikace, musamman rabinsa na biyu da mutane ke mantawa, wato wanda annoba ta same shi a gari kada ya fita da gudu. Mutumin da ya shiga mota daga Ankazobe yana ciwo, da mutanen Surat da suka watse, duk wannan rabin ne. Yadda za a ɗora hukuncin a kan tafiyarka, malaminka za ka zauna da shi, amma ka kai masa hoton yadda yake: Madagaska tsibiri ne mai tsawon kusan kilomita 1,600, cutar na iya kasancewa a ƙauyuka uku na gunduma ɗaya sauran ƙasar lafiya lau. In kuwa ta shiga Antananarivo ko Antsirabe kamar 2017, to ni da malamin bakinmu zai zo ɗaya, ka zauna gida.

Kada kuma ka ɗauka Madagaska ce kaɗai. Tsakanin 2010 da 2015 an ba da rahoton mutum 3,248 a duniya, 584 suka rasu, mafi yawa a Madagaska da Kwango, musamman lardin Ituri, da kuma Peru. Amurka kanta tana samun kimanin mutum 7 a shekara a jihohin yamma. 'Yan'uwanmu masu bin hanyar hamada su sani ta ɓulla kusa da Oran a Aljeriya a 2003 da kusa da Tobruk a Libiya a 2009, kuma an taɓa kamuwa da ita ta hanyar fiɗa da cin naman raƙumi mara lafiya a Libiya a 1976, da cin ɗanyar hantar raƙumi a Saudiyya a 1994. Yankinmu ma ya taɓa ɗanɗana ta. Ta shiga Accra a 1908, Dakar a 1914, Kumasi a 1924 inda Turawan mulkin mallaka suka rushe gidaje a zango da sunan tsabta, ta kuma zauna a Legas daga 1924 har 1931.

Na kawo wannan tarihi ne saboda dawowarka, wadda ta fi tafiyarka damuna. A Madagaska in ka shiga asibiti da kaluluwa da zazzaɓi a watan Nuwamba, ma'aikacin jinya na ƙauye ma zai yi tunanin ɗa'un. A Kano ba haka ba ne. Likitocinmu sun karanta ta a makaranta, tana cikin jerin cututtukan da doka ta ce a kai rahotonsu nan take, kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido, amma kusan babu wanda ya taɓa ganin mai ita. Za a gwada ka a ce maleriya ce ko taifot, kuma mai yiwuwa gwajin maleriyar ya nuna, tunda da yawanmu muna ɗauke da ita a jini. Saboda haka ka ƙirga kwana 7 daga ranar da ka baro tsibirin. In zazzaɓi ya kama ka a cikinsu, ko kaluluwa mai zafi, ko tari, kada ka tsaya kyamis, kada ka jira gari ya waye. Ka sa takunkumi, ka raba ɗaki da iyali, ka tafi babban asibiti, kuma tun kafin a tambaye ka ka ce daga Madagaska ka dawo, ka ambaci sunan cutar da bakinka, ka nemi a sanar da jami'in sa ido ko a kira hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, a lambarta ta kyauta, 6232. Ka gaya wa Hajiya wannan tun kafin ka tafi, ka rubuta mata a takarda ta ajiye, domin in zazzaɓin ya yi tsanani ita ce za ta yi magana a madadinka.